Bakin Makaɗi da Amon Garaya: Nazari Daga Ƙasar Yawuri

Gabatarwa

Manazarta waƙoƙin baka sun fi mayar da hankali ga turke da salo da zubi, su bar kayan kiɗa a baya. Ko littafin Ames da King na 1971, duk da tarin amfaninsa, ƙamus ne na sunaye da bayanai. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa ɗan guntun fatar da ake kaɗa tsirkiya da shi yana da hannu wajen fitar da amon garaya. Shi za mu kira "makaɗi" a nan, mutumin kuwa "mai garaya".

Garaya da Makaɗinta

Garaya tsirkiya biyu gare ta, kuma an san ta a kiɗan mafarauta da na 'yan bori. Ana yanka makaɗinta daga busasshiyar fatar sa ko ta dorina. Ta dorina ta fi kauri da tauri, saboda haka bakinta yakan daɗe bai lanƙwashe ba. Dorina kuwa dabbar Kogin Kwara ce, wanda ya ratsa Shanga da Yawuri da Ngaski.

Fasalin Baki

Idan aka kaɗa tsirkiya, ba murya ɗaya take fitarwa ba. Akwai uwar murya, sannan da ƙananan muryoyi sirara a bisanta. Yanayin bakin makaɗi shi ke ƙara su ko ya rage su, kamar haka:

1. Baki mai tsini: yakan saki tsirkiya farat ɗaya, sai siraran muryoyi su fito, amo ya yi kaifi, ya ratsa ƙarar caki a fili. Illarsa ita ce saurin cin tsirkiya.

2. Baki mulmulalle: tsirkiya takan zame a hankali, sai amo ya yi kauri da taushi, ya bar wa muryar mawaƙi wuri.

3. Baki mai gangare: ana goge gefe ɗaya da dutsen washi, don makaɗi ya wuce ba tare da sarƙewa ba. Wannan ya dace da kiɗa mai sauri.

Ke nan da aska da dutse mai garaya zai iya sauya muryar garayarsa, tsirkiya na nan yadda take.

Kammalawa

Kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968 ta tayar da ƙauyukan Gungawa da dama daga tsibiransu, kuma a yau doka ta taƙaita farautar dorina. In fata ta yi wuya, sanin sarrafa ta kan bi bayanta. Ya kamata ɗalibin da ya je Yawuri ɗaukar waƙa ya nemi ganin makaɗi, ya auna kaurinsa, ya zana bakinsa, ya tambayi mai shi dalilin gyaran. Da ɗan gari akan ci gari.