Amsoshin Tambayoyinku: Gyaran Madubin Banɗaki da Kuɗi Kaɗan

Wata mai sauraronmu daga Zariya ta ce gefen madubin banɗakinta duk ya yi baƙi-baƙi, ta goge har ta gaji bai fita ba, ga shi babu halin sayen sabo. Shin ina mafita?

To Hajiya, ki huta da gugar nan, don tabon ba a fuskar gilashin yake ba. A bayan madubi akwai shafen azurfa ko alminiyom da aka rufe da fenti. Idan danshi ya kutsa ta gefe sai ya ci shafen, kuma inda ya ci ba ya dawowa.

Idan ɓarnar ta tsaya a baki-baki, mai yankan gilashi zai iya rage gefen. Amma ni na fi son ki sa kafinta ya yi masa firam na katako ya rufe wurin, sai ya koma tamkar sabo. Ki ce ya fente katakon ciki da waje, domin madubi ba ya rufa asiri, zai nuno bayan katakon. Wajen mannawa kuma a guji silikon mai warin tsami, shi ma yana cin shafen. A nemi wanda aka yi don madubi. A bar ɗan sarari tsakanin madubin da bango saboda iska.

Farin tabo na ruwan rijiya kuwa, ruwan khal gauraye da ruwa ya wadatar. Ki jiƙa tsumma ki goge, kada ki fesa a jikin madubin ya gangara gefe.