Ladabin Baƙunci a Ƙasar Mongoliya: Nasiha ga Mai Tashi daga Wudil

Duk wanda ya girma a Wudil, ya saba ganin garkunan shanu suna kwararowa kara ranar Juma'a, ya kuma taɓa yada zango a rugar Fulani aka miƙo masa ƙwaryar nono tun kafin a tambayi sunansa, to, in Allah ya ƙaddara masa sauka a gidan makiyayan Mongoliya, ko don neman ilmi ko don wani aiki, zai iske ya riga ya san rabin abin da ake bukatar baƙo ya sani. Sauran rabin shi ne maƙasudin wannan takarda.

Ƙasar tana tsakanin Rasha da Sin, faɗinta ya haura murabba'in kilomita miliyan ɗaya da rabi, alhali mutanenta, da suke wajen miliyan 3.5, ba su kai rabin mutanen Jihar Kano ba, kuma kusan rabinsu sun tattaru a Ulanbatar, babban birni. Dukiyarsu dabba ce iri biyar, wato doki da saniya da raƙumi mai tozo biyu da tunkiya da akuya, waɗanda a ƙidayar 2019 suka kai wajen miliyan 70. Saboda haka in ka gaida maigida da "sain baina uu", kada ka gaji da tambayar lafiyar bisashe da halin makiyaya, domin a wurinsu wannan tambaya ba cika baki ba ce: a sanyin 2023 zuwa 2024, irin mugun sanyin da suke kira zud, wanda ƙanƙara ke rufe ciyawa har dabba ta rasa abin ci, an yi asarar dabbobi fiye da miliyan 7.

Ɗakinsu, wanda suke kira ger, zagayayyen tanti ne na itace da aka lulluɓe da bargon gashin tumaki mai kauri, ƙofarsa kullum tana duban kudu, murhu na tsakiya, kandilo ake hurawa a cikinsa. Ba a sallama a bakin ƙofa kamar yadda muka saba. Tun daga nesa ake kira a riƙe kare, kuma ka ɗauki kiran da gaske, don karnukansu manya ne. In za ka shiga, ka sunkuya, ka tsallake dokin ƙofa ba tare da ka taka shi ba, ka bi ta hagunka ka zauna, can ne wurin baƙi. Ƙuryar arewa ta maigida ce da dattawa da abubuwan bautarsu, ba a miƙe ƙafa wajenta. Kada ka jingina da ginshiƙai biyu da ke tsakiyar ɗakin, kada ka jefa shara a wuta, kada ka yi fito a ciki. Abin da aka miƙo maka, ko shayin madara mai gishiri, ko busasshen cuku mai tauri, ko battar garin taba da maza ke musanya wajen gaisuwa, ka karɓa da dama, hagu na tallafe da gwiwar hannun, ka ɗanɗana ko ka sansana ka mayar. Babu abin da ya saɓa wa shari'a a cikin waɗannan, kuma wanda aka yi wa tarbiyya a zauren malami ba zai sha wuya da su ba.

Inda ake bukatar tsayuwa wuri biyu ne, kuma ra'ayina shi ne a yi maganarsu tun ranar farko, ta bakin tafinta in ya samu, kafin uwargida ta ɗora tukunya, domin uzurin da aka gabatar da safe ladabi ne, wanda aka kawo bayan an ajiye akushi kuwa cin fuska ne. Na farko yanka. Al'adar Mongol tun zamanin kakanninsu ita ce a kwantar da tunkiya rigingine, a tsaga ɗan wuri a cikinta, a sa hannu a tsinke babbar jijiyar jini, don kada ɗigo ɗaya ya zuba ƙasa. Su a ganinsu tausayi ne da tattali, amma mu da muka karanta a Risala cewa sai an yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu da sunan Allah, mun san hukuncin wannan nama hukuncin mushe ne, balle kuma masu yankan, galibinsu mabiya addinin Buda, ba Ahlul Kitabi ba ne. Mafita mai sauƙi ce, tana kuma ƙara zumunci: ka sayi tunkiya daga garken maigida, ka nemi izni ka yanka da hannunka a gefe, ka tara jinin a kwano ko rami nesa da ƙofa, a dafa kowa ya ci. In kana birni, nemi Kazak, Musulmin ƙasar, waɗanda cibiyarsu lardin Bayan-Olgi ne a can yamma, akwai kuma jama'arsu a Nalaih kusa da Ulanbatar. Musulmi duka kashi 3 ne cikin ɗari da 'yan kai a ƙidayar 2020. Sai dai ka riƙa tambayar mahauci naman mene ne, domin Kazak suna cin doki, mashahurin zance a mazhabar Imamu Malik kuwa hani ne.

Na biyu abin sha. Da damina suna tatsar goɗiya su tsima nonon a salka har ya yi tsami, su kira shi airag, shi ne abin alfaharinsu da ƙololuwar karamcinsu. To, yana ɗauke da maye, ko da kaɗan ne, kuma abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Za a ce maka ai Kazak ma suna sha. Ka yi murmushi, ka dafa ƙirji, ka nemi ƙarin shayi. Haka barasar da suke kira arhi, wadda ake tsoma yatsa a ciki a yayyafa sama don girmama sama da ƙasa, wannan yayyafin ibada ce a wurinsu, ba naka ba ne. Amma ka hana kanka ba tare da wa'azi ba, domin baƙon da ya ƙi abu biyu ya karɓi goma da fara'a ba a riƙe shi a zuci.

Game da salla, abin da zai fi ba ka mamaki shi ne alƙibla tana yamma, kusan daidai mafaɗar rana, wato tana hagunka in ka shigo ger, gefen da aka zaunar da kai. Agogonsu na gaba da namu da awa 7 a Ulanbatar. Yini na kai wajen awa 16 a watan Yuni, ya koma ƙasa da 9 a Disamba, don haka ka lura da lokutan salla da na azumi. A Janairu sanyi kan kai digiri 30 ko 40 ƙasa da sifiri, ruwa ya daskare a buta, wanda ya san hunturun bakin kogin Wudil kaɗai bai san sanyi ba tukuna. Ka sake bitar babin taimama da na shafa a kan huffi kafin ka tashi, ka sayi kayan sanyi a can, ba a kasuwar Kantin Kwari ba. A unguwannin ger na gefen Ulanbatar kwal ake ƙonawa, hayaƙinsa na kisa cikin barci in bututu ya toshe. Ka duba shi kafin ka kwanta.

Ɗalibin da ya karanta tarihi ya san jikan Cingis Han, wato Hulaku, shi ya rushe Bagadaza a 1258 ya kashe Halifa Musta'asim. Ka bar wannan a cikinka. Cingis, wanda ya haɗa kan ƙabilunsu a 1206, uban ƙasa ne a wurinsu, hotonsa na kan kuɗinsu, sunansa na kan filin jirgin da za ka sauka. In hira ta kai can, ya ishe ka ambaton cewa daga zuriyarsa akwai sarakunan da suka musulunta, irin su Barka Han da Gazan.

Kafin ka bar Wudil, ka sa ɗan tsaraba a jaka, kamar hula ƙube ko jakar fata ta dukawan Kano ko dabino, ka miƙa wa maigida da hannu biyu ranar da za ka yi bankwana. Allah ya kai ka lafiya, ya haɗa ka da masaukin kirki.