DARASIN LAFIYA: Firgici da damuwa, ina za a kai mara lafiya daga Sabon Birni da Isa?



Tambaya ta yi yawa daga ƙasar Gobir: wanda ya dawo daga hannun 'yan bindiga ba ya barci, ko uwa da ta rasa ɗa ta daina magana, ina za a nufa, kuma da wane kuɗi?

*Da farko, wannan ciwo ne.* Ba raunin imani ba ne, kuma ba kowane firgici ne aljanu ba. Annabi Yaƙub (AS) baƙin ciki ya taɓa masa gani, alhali Annabi ne. Malam Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya yi littafi kan lafiyar jiki da ta rai, ya nuna tsoro da baƙin ciki da waswasi cututtuka ne masu magani. A riƙe azkar da ruƙiyya ta shari'a, a kuma je asibiti. Ɗaya ba ya hana ɗaya.

*Alamomi, in sun wuce mako 2:*
• rashin barci ko mugun mafarki
• zabura da jin ƙarar babur
• kuka ba dalili, ƙin cin abinci, gudun mutane
• faɗuwar gaba da ciwon kai da aka auna ba a ga komai ba

*Matakan neman magani:*

1. Fara da asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku. Faɗi gaskiya: "ba na barci tun ranar da aka shigo garinmu." Kar ka ce ciwon kai kawai, sai a ba ka paracetamol ka koma gida.

2. In abin ya fi ƙarfinsu, sai Babban Asibitin Sabon Birni ko na Isa.

3. Daga nan a karɓi *takardar turawa* zuwa Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, kan hanyar Sakkwato zuwa Illela, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kware ba gidan ɗaure mahaukata ba ne, ana ganin likita a koma gida ran nan.

*Batun kuɗi:* Jihar Sakkwato na da hukumar taimakekeniyar lafiya, SOCHEMA. Akwai kuma asusun tarayya na BHCPF, wanda dokar lafiya ta 2014 ta kafa, don marasa ƙarfi. A je da lambar NIN a tambayi shugaban asibitin mazaɓa ko ana rajista. Ku lura, katin yana aiki ne a asibitin da aka rubuta ka. In ka tsallake ba takardar turawa, daga aljihunka za ka biya. Kafin a hau mota, a tambaya: ganin likita na ciki? Wane magani ke ciki, wanne za mu saya?

*Hattara:*
• Maganin damuwa kan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a ji sauƙi. Kar a yanke shi ba izinin likita.
• Tramol da ƙwayar barci ta kemis ƙara dagula lamarin suke.
• Ba duka, ba mari a ƙafa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta kare mutuncin mara lafiya.
• Mai zancen kashe kansa, ko mai jego da ta rikice, ko ruɗewa tare da zazzaɓi mai zafi: kar a bar shi shi kaɗai, a kai asibiti yau ɗin nan.

A gida kuma, a zauna da shi, a saurare shi, a dama masa talbina, kunun sha'ir da Nana A'isha (RA) ta ruwaito yana sanyaya zuciyar mai baƙin ciki.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya dawo mana da zaman lafiya a Gobir. A tura wa wani, wataƙila shi ke nema.