Me ya sa ake kai na'urorin hangen taurari Chile?

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi ya tambaya: me ya sa ƙasashe masu arziki ke zuba kuɗi a Chile don hangen taurari, maimakon su gina a gida?

To Malam, sararin sama suka bi. Hamadar Atacama da ke Chile tana da tsauni, ga bushewar iska, gajimare kuma ba ya yawan rufe ta. Can aka kafa ALMA, na'urori 66 a tudu mai tsayin kusan mita 5,000, aka ƙaddamar da ita a 2013 da kuɗin Turai, Arewacin Amurka da Gabashin Asiya, domin aikin ya yi wa ƙasa guda nauyi. Wasu kan ce ai cin moriya ce kawai, baƙi su kwashe ilimi, mai ƙasa ya tashi a tutar babu. Ƙorafin yana da tushe idan aka sa hannu da ka. Amma Chile ta gindaya sharaɗi: kashi 10 cikin ɗari na lokacin hange na masananta ne, abin da ya ƙarfafa sashen nazarin taurari a jami'o'inta. Saboda haka ribar mai masauki tana ga yarjejeniyar da ya ƙulla. Da fatan ka gamsu.