Ku Ɗaga Kai Sama, 'Ya'yana

'Ya'yana samari da 'yan matan Mandera, da na Kajiji, Dandin Mahe, Sifawa da Dingyaɗi,

Tun watan Mayu na 2024 hotunan wani haske suke yawo a wayoyinku. Sama ta yi kore shar, wani gefen ja, wani shuɗi, mutane sun fito cikin rigunan sanyi suna ta ɗauka. Orora ake kiransa. Wasunku sun tsorata, suna tambaya ko alamar tashin duniya ce. Wasu kuma sha'awa ta kama su, suna so su ji yaushe zai iso nan. Ku gyara zama in ba ku abin da na sani.

Daga rana abin yake tasowa. Tsakaninmu da ita akwai tazarar kilomita kusan miliyan 150, kuma lokaci-lokaci takan yi aman wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, su yi tafiyar kwana ɗaya zuwa uku kafin su iso. Allah cikin hikimarsa ya kewaye duniya da ƙarfin maganaɗisu, shi ne yake karkatar da su zuwa ƙurewar arewa da ƙurewar kudu. A can suke karo da iskar da ke sama da kilomita 100 daga ƙasa, sai iskar ta yi haske. Kore da ja daga iskar oksijin ne, shuɗi daga naitirojin. Rana tana da zagaye na kimanin shekara 11 da aman nata yake ƙaruwa ya ragu, kuma na daren 10 zuwa 11 ga Mayu 2024 shi ne mafi ƙarfi tun 2003, shi ya sa aka gan shi har a Meziko. Kuma ya daɗe ana ganinsa. Ahmad ibn Fadlan, wanda Halifan Bagadaza ya tura ƙasar Bulgar a bakin kogin Bolga, ya isa can a 922, ya ba da labarin jan girgije da ya gani da dare har ya razana, mutanen wurin kuwa ko a jikinsu. Masana da yawa suna ganin wannan hasken ne ya gani.

Zancen zuwansa nan kuwa, kada in yaudare ku. Muna kusa da tsakiyar duniya, wajen digiri 13 arewa da layin da ya raba ta biyu, nesa ƙwarai da inda ake ganinsa. Duk wanda ya turo muku hoto ya ce a Bodinga ya ɗauka, ku yi masa murmushi ku wuce.

Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne mutanen da ke bibiyar hasken. Yawancinsu ba malaman jami'a ba ne. Ma'aikata ne da manoma da ɗalibai, sukan kwana a waje cikin sanyi, sau da yawa su koma gida hannu rabbana, gobe su sake fitowa. A Alberta ta ƙasar Kanada, irin waɗannan mutane ne suka yi ta ɗaukar wani siririn haske mai ruwan hoda, har a 2016 masana suka yarda wani abu ne dabam da ba su nazarta ba. Tun kafin su, ranar 1 ga Satumba 1859, wani Bature a Ingila mai suna Richard Carrington yana zana tabon da ke jikin rana a ɗakin kallon da ya gina da kuɗinsa, sai ya ga wani farin walƙiya. Ya rubuta lokaci, ya zana wurin. Ba a cika kwana ɗaya ba orora ta bayyana har a Kuba, wayoyin tangaraho suka riƙa tartsatsi. Rubutun nan nasa ya taimaka aka haɗa wannan da wancan.

To mu fa? Mu ma muna da gadon wannan aiki, sai dai mun yi sakaci da shi. Lokacin da wani Bature matafiyi mai suna Clapperton ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824, ya shimfiɗa wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello taswirar taurari. Shi da kansa ya rubuta cewa Bello ya san buruji duka, ya kuma san taurari da dama da sunayensu na Larabci. A nan ƙasar, tsakanin Sifawa inda Shehu mahaifin Bello ya zauna har 1815 da Bodinga inda Malam Abdullahi ƙanin Shehu ya zauna, aka yi irin karatun da ya fitar da Bello. Kakanninku manoma ma da taurari suke lissafin shekara. Guda 28 ne, kowane kwana 13, ɗaya yana da ƙarin kwana, su cika 365. In tsoho ya ce an shiga Zira'a, ko Nasara, ko Ɗarfa, ko Jabha, ya san inda damina ta kai, ya san abin da ya kamata a yi a gona. Yau cikinku mutum nawa ne zai iya nuna mini Kaza da 'Ya'yanta? Nawa ne suka san Zara da kuke gani da magariba da Gamzaki na asuba abu ɗaya ne, duniyar Zuhura ce take sauya wuri?

Akwai ma hasken da mu muka fi mutanen ƙurewar arewa samun ganinsa. Waɗanda suka yi karatun fiƙihu a zaure sun san alfijir biyu ne, na ƙarya da na gaskiya. Na ƙarya yana miƙewa tsaye daga gabas tun dare bai ƙare ba, siriri daga sama, ba a sallar asuba da shi, kuma ba ya hana mai sahur cin abinci. Na gaskiya shi ne mai bazuwa a kwance. Masu ilmin taurari na yau sun ce wancan na farko hasken rana ne yake dukan ƙura mai laushi da ke yawo tsakanin duniyoyi. A ƙasashen tsakiyar duniya irin tamu ya fi fitowa sarai, domin tsaye yake tashi. Mutanen biranen Turai da fitilu suka cinye musu dare sukan biya kuɗin jirgi su je hamada don su gan shi. Ku kuwa bayan gari kawai za ku fita, a daren da babu farin wata, bayan ruwa ya wanke sama. Rashin wutar lantarkin da muke kuka da shi, kuma kukan yana kan hanya, ya bar mana wannan ɗaya.

Ga yadda za ku fara. Ku kashe tocila, ku ajiye waya, ku ba idonku kamar minti 20 ya saba da duhu. In za ku ɗauki hoto, kada ku riƙe wayar a hannu. Ku jingina ta da bulo ko ku ɗora ta kan turmi, ku sa tsarin ɗaukar dare, ku bar ta ta yi daƙiƙa 10 tana tattara haske. Za ku ga ta kamo abin da ido bai gani ba, kuma haka yawancin hotunan ororar nan suke, launinsu ya fi abin da mai ɗaukar ya gani da idonsa. Ƙarshen damina zuwa kaka ya fi, kafin hazon hunturu ya rufe. Daren 13 zuwa 14 ga Disamba kuma taurari masu gudu sukan yi yawa, in hazo ya yi sauƙi.

Sai ku sami littafi. Rana, lokaci, wuri, gefen da kuka duba, da abin da kuka gani. Abin da ba ku gani ba kada ku ƙara, hoto kuma kada ku yi masa kwalliyar da za ta mai da shi ƙarya. Ina nanata wannan ne saboda wata rana a cikinku za a nemi masu duban jinjirin watan Ramadan ko na Shawwal, shaidar ta bi ta hannun hakimi har fadar Sarkin Musulmi, miliyoyin mutane su ɗauki azumi ko su sha ruwa a kanta. Wanda ya saba da sama ya san inda jinjirin wata yake tsayawa bayan faɗuwar rana, ba zai ga ɗan girgije ko jirgi ya rantse ba. Kuma ku bambance wannan ilmi da duba. Tauraro yana nuna lokaci da alƙibla da hanya, amma bai san wanda za ki aura ba, 'yata, bai kuma san ranar arzikin kowa ba.

Kada ku yi nisa da gari da dare, kun san halin da ake ciki. Ku fita a ƙungiya da sanin iyaye da mai unguwa, ku sa takalmi saboda kunama da maciji, 'yan mata kuma tsakar gida ta ishe su. Rana kuwa ba a kallonta da ido tsirara, balle da madubin hangen nesa, ko da ta yi husufi. Manyanku suna tuna 29 ga Maris 2006, da duhu ya rufe Gusau da Katsina da Maraɗi da hantsi. Wani yana tafe ranar 2 ga Agusta 2027, zai cika a Luksor ta Masar da Makka, mu nan za mu ga sashensa in Allah ya kai mu.

Kafin lokacin, kowannenku ya nemi tsoho ɗaya a unguwarsu, ladan ne ko manomi ko makiyayi, ya zauna da shi bayan isha'i, ya roƙe shi ya nuna masa taurarin da ya sani da yatsa, ya rubuta sunayen yadda ya faɗe su. Ku hanzarta, domin masu wannan sani suna ƙarewa. Allah ya yi muku albarka.