Aikin Da Ke Bayan Na'urar POS: Abin Da Bankuna Ke Nema Wurin Masu Gina Rumbun Bayanai

Duk lokacin da ka ciri dubu biyar wurin mai POS a Toranke, ana rubuta layi guda a kwamfutar kamfanin, Moniepoint ne ko OPay: lokaci, adadin kuɗi, lambar na'ura, da ko cirar ta yi ko ta ƙi. Wannan ma'ajiya sauri kawai aka gina ta don shi. Idan manaja ya ɗora mata tambaya irin "nawa aka cira a Ajingi da Gaya cikin wata shida?", sai ta yi nauyi, kwastoma kuma yana tsaye a rana.

Shi ya sa ake gina wata daban, wato rumbun bayanai. Kamar gero ne, sai an sussuka, an sheƙe, sannan a auna. Mai wannan aiki yana rubuta manhajar da za ta kwaso bayanan, galibi cikin dare, ta tsaftace su, ta jera. Sheƙewar ce wahala. Wani ya rubuta "Gaya", wani "GAYA", wani "Gaya LGA", kwamfuta kuwa garuruwa uku take gani. Na taɓa shafe kwana biyu ina neman abin da ya kumbura min jimilla, ashe cirar da ta ƙi, aka mayar wa mai ita kuɗinsa, ita ma na ƙirga. A banki, irin wannan kuskure yana iya shiga rahoton da ake kai wa Babban Bankin Najeriya.

Daga rumbun ne ake zana jadawalin da shugabanni ke dubawa, da Power BI ko Tableau. Wannan ɓangaren ya fi sauƙi.

A intabiyu, SQL za a fi gwada ka a kai, musamman JOIN da GROUP BY. Za ka iya fara koyo a wayarka da Sololearn, amma Power BI Desktop sai kwamfuta mai Windows. Ni sakandare na tsaya, don haka ba zan ɓoye maka ba: bankuna da yawa har yanzu suna tambayar digiri da takardar bautar ƙasa. Ƙananan kamfanonin kuɗi na intanet sun fi duba abin da hannunka ya yi.

To ka nemi abin nunawa. Roƙi mai POS na unguwarku littafinsa na wata uku, ka zuba a Google Sheets. Kada ka kwafi suna ko lambar asusun kowa, dokar kare bayanai ta 2023 ba wasa ba ce. Sannan ka gano masa ranar da tsabar kuɗi ke yanke masa, da ƙarfe nawa.