Birkin Ganga na Tsofaffin Motoci

Da yawa daga cikinmu idan muka ga mota, abin da muke fara tambaya shi ne irin gudunta. Da wuya ka ji mai tambayar yadda take tsayawa. Ni ma haka nake, sai a hutun da ya wuce da na zauna a garejin kawuna, aka jawo wata tsohuwar a-kori-kura ƙirar Peugeot 404, wadda muke kira Fijo. Direban ya ce yana gangarowa daga wani tudu da lodin masara, ya taka birki, sai ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Allah ya taimake shi babu kowa a gabansa. A kan wannan mota na koyi abin da zan bayyana muku.

Birkin ƙafafunta na baya shi ake kira birkin ganga, makanikai kuma su ce diram. Wani Bafaranshe mai suna Louis Renault ya sa irinsa a mota tun 1902. Ita 404 ta fara fitowa a Faransa a 1960, kuma a 1975 aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna. Har yau akan ga tsofaffinta suna jigilar kaya ranar kasuwa.

Idan aka kwance taya, abu na farko da za a gani shi ne gangar kanta. Wani kwanon ƙarfe ne mai nauyi wanda yake juyawa tare da taya. In aka zare ta, sai a ga faranti wanda ba ya motsi, a jikinsa aka ɗaura sauran kayan. Na biyu, akwai takalma guda biyu masu siffar jinjirin wata, kowanne an manna masa lainin a bayansa. Na uku, akwai ƙaramar silinda mai fistin da roba a ciki. Na huɗu, akwai sifirin masu jawo takalman su koma mazauninsu. Sai kuma abin saiti, wanda ake murɗawa don a matso da takalman kusa da ganga idan lainin ya fara cinyewa, da wayar birkin hannu.

Ga yadda suke aiki. Idan direba ya taka birki, babbar silinda takan tura mai ta cikin bututu zuwa ƙaramar silinda. Man ya tura fistin, fistin ya buɗe takalman, lainin ya goga da cikin ganga, taya ta rage gudu. Da ya ɗage ƙafa, sai sifirin su mai da kome yadda yake. Wannan gugar tana kawo zafi ƙwarai. In zafin ya yi yawa, ganga takan ɗan buɗe, lainin kuma ya rage kamu. Shi ya sa direban kirki yake sa ƙaramin giya a gangara, ba ya dogara ga birki kaɗai.

To, me ya sami motar mutumin nan? Da kawu ya zare ganga, sai muka ga lainin ya jiƙe sharkaf da mai. Ashe robar ƙaramar silinda ce ta mutu, mai yana ta yoyo har ya ƙare. Yawancin motocin wancan zamani layin mai ɗaya gare su, saboda haka yoyo a ƙafa ɗaya yakan kashe birkin duka huɗu. Kawu ya ɗora robar a tafin hannuna, ya ce, "Yaro, dubi abin da ya kusa kashe mutum." Ba ta fi kwabo girma ba.

Ya kuma gargaɗe ni kada in hura ƙurar cikin ganga da baki, domin tsohon lainin yakan ƙunshi asbesto mai cutar da huhu. Takalma kuwa, ba a canja na gefe ɗaya a bar ɗaya, don kada mota ta riƙa fizga.

Daga ƙarshe, ina roƙon iyayenmu masu irin waɗannan motoci su riƙa duba man birki, su leƙa bayan taya ko akwai danshi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mu, amin.